Tsakuwa da Gyaɗa a Tabarmar Yaya

Yayana malamin tarihi ne a wata sakandare a Mubi, kuma a iya sanina babu labarin da yake so kamar na wani yaƙi da aka yi a duwatsun Peru, inda masu neman 'yanci suka karya rundunar Sifaniya. Ban san dalili ba. Wataƙila don waɗanda suka ci yaƙin su ne marasa yawa.

A gidansa na unguwar Kolere yakan kifa kwano a kan tabarma ya ce dutse ne. Gyaɗa sojojin Sifaniya, a saman kwano. Tsakuwa masu neman 'yanci, a fili. Sai gyaɗa ta gangaro, tsakuwa ta tare ta kafin ta daidaita sahu. In na jera ba daidai ba, sai ya buge min hannu.

"Kai, wannan digirin naka a kasuwar shanu ka sayo?"

Daminar da ya sami shanyewar ɓarin jiki, magana ta ɗauke. Likita bai ce ba ya gane mutane ba, bai kuma ce yana ganewa ba. Abin da ya fi damuna ke nan. Ina gaishe shi ina tsoron ko jikinsa kawai nake gaisarwa.

Wata ranar Asabar da hantsi na roƙi matarsa kwano da gyaɗa.

"Gwaji za ka yi masa?" ta ce. "In bai ci ba fa, ƙanina?"

Na zauna gabansa, na kifa kwanon, da gangan na ɗora tsakuwa a sama, na zube gyaɗa a ƙasa. Na fara ba da labarin a birkice, da ƙarfi, ina satar kallon hannunsa mai lafiya.

"Yaya, haka ne ko?"

Ya daɗe yana kallon tabarmar. Can hannun ya motsa, ya ɗauki gyaɗa guda, ya ɗaga ta. Ina ganin, ko da yake ba zan rantse ba, ya nufi saman kwanon da ita. Sai gyaɗar ta kuɓuce masa ta gangara ƙarƙashin kujera.

"Yunwa yake ji," in ji matarsa, ta tashi ɗauko kunu. A bakin ƙofa ta tsaya tana goge ido da gefen zani.

Na mayar da kowace runduna wurinta, na ba da labarin daidai har ƙarshe. Bai ƙara motsawa ba. Kafin a cire gyaɗar wannan daminar ya rasu.

Har yau matarsa na cewa baki ya nufa da ita. Mai yiwuwa ita ke da gaskiya, ita ta yi jinyarsa. Ni dai nakan ce mata kwanon ya fi kusa.