Ranar interview ɗin Nabila a Birmingham

Muna cikin mota a Ladywood muna jiran ɗiyarmu Nabila, Abbanta sai duba agogo yake, kamar shi ke neman gurbin karatun likita.

Tun daga Manchester yake ja mata kunne: "Ki faɗa wa masu interview ɗin kin yi honours programme, shirin nan na ɗalibai masu hazaƙa, shi ne makaminki." In ta rasa bana, sai kuma baɗi.

Ta fito tana murmushi.

"Kin faɗa musu?"

"Abba, ko tambaya ba su yi ba. Wani dattijo suka haɗa ni da shi suka ce in lallashe shi, wai ƙaramar hukuma ta rufe cibiyar da yake zuwa hira, yana ta faɗa."

"To me kika yi?"

"Abin da nake maka in ƙungiyarka ta sha kashi a ƙwallo. Na yi shiru har ya gama, sannan na ce, 'Gaskiya ba a kyauta maka ba.'"

Na yi dariya har da hawaye.

Sun ɗauke ta, alhamdulillah. Yanzu duk inda Abban ya zauna sai ya ce shi ya horar da ita, ni kuma na kasa ƙaryata shi.

Ku fa, wane darasi kuka koya wa yaranku ba da saninku ba?