Kuramochi da Faifai na Tara

Maƙwabcina Kuramochi ya shekara talatin da ɗaya yana tuƙa bas a Osaka, bai taɓa sa'insa da fasinja ba. Sai da ya yi ritaya ya gano ashe yana da baki, kuma a kan abu ɗaya yake buɗe shi: wata ƙungiyar mawaƙa masu kiɗan zamani na rok, Sabitora.

Kowa ya san faya-fayensu biyar na farko su ne waƙa. Tun da mai jitarsu ya tafi, aka sa inji yana buga musu ganga, sai dai a yi shiru. Ni ban yi nisa a makaranta ba, amma kunnena ya san ƙarar injin wanki. Shi kuwa Kuramochi ya dage faifai na tara ya fi duka, mu ne kurame.

A unguwarmu ta Juso akwai shagon kofi na Madam Hanabusa, inda ake zuwa sauraren faifai. Dokarta ɗaya ce: muddin allura na kan faifai, ba mai magana. Wanda ya karya, ya rasa layinsa na zaɓen faifan Lahadi har shekara guda. Don haka rigimar Kuramochi da mutane duk a ɗan lokacin juya faifai ake yin ta, da sauri, kowa na haki.

Babban abokin gabarsa shi ne Tokunaga mai aski, wanda ke cewa Sabitora sun mutu tun 1978, gawarsu ce ta ci gaba da waƙa. Kuramochi kan ce mutumin da aski ɗaya tal ya iya ba shi da bakin zancen canji.

Wata bakwai Kuramochi yana jiran layinsa. Da ranar ta zo ya sa kwat, ya miƙa na tara. Madam ta ɗora allura. Tokunaga ya zaro auduga daga aljihu, ya toshe kunnen dama a hankali, ya toshe na hagu, sannan ya bi tebur-tebur yana raba wa mutane, har da ɗan rusunawa. Ni ma na karɓa, ai kyauta ce.

Kuramochi ya daure waƙa biyu. A ta uku, wadda ya ce da ita ya yi jinyar matarsa, ya miƙe tsaye.

"Cire, tsohon banza. Cire ka ji wurin nan."

Madam ta ɗage allura. Ko kallonsa ba ta yi ba, ta ɗauki tsumma ta goge sunansa daga allon masu jiran layi.

Tokunaga ya zare auduga ɗaya ya ce, "Me ya faru ne, direba? Ban ji ba."

Tun ranar Kuramochi bai sake taka shagon ba, ni ma ya daina amsa gaisuwata a matakala. Gashinsa ya kusa kafaɗa, don Tokunaga ne kaɗai mai aski a layinmu. Jiya na ce wa Kuramochi yanzu kam ya fara kama da mawaƙan nasa. Ya rufe min ƙofa a fuska.