Motar Issufu Ba Ta Komawa Baya

Maraɗi

Mun tashi daga Maraɗi bayan sallar asuba, gari bai gama wayewa ba, ran wata Lahadi cikin bazarar shekarar da aka karya darajar kuɗin sefa. Ni ne da Issufu, ƙanin maiɗakina Hadiza, wanda yake sana'ar walda a bayan kasuwa. Madarumfa muka nufa, garin surukaina, a cikin motar da ya ƙera da hannunsa.

Ya kamata in bayyana motar. Jikinta bututun ƙarfe ne irin na gadon kwana, ƙafafunta huɗu, kujerunta biyu, babu rufi babu ƙofa. Injinta na babur ne, yana zaune a baya ta ɓangaren dama, kuma sarƙarsa ƙafa ɗaya tak take juyawa, ita ma ta dama. Direba ma a dama yake zama. Saboda haka duk nauyin motar da duk ƙarfinta a gefe guda suke.

Injin nan shi ne dalilin tafiyar. Na tsohon babur ɗin gidansu ne, kuma yayansu Sanda, mai lambu a bakin tabki, yana son a maido shi a haɗa masa famfon ban-ruwa, tunda sabon famfo ya fi ƙarfin kowa a shekarar. Issufu ya ce ya yi damina biyu yana aikin motar, ba zai bari a mayar da ita guga ba. Magana ta kai gaban mahaifinsu, wato surukina, ya yanke hukunci: motar ta zo filin bakin tabki ta kewaya sau uku, injin bai mutu ba, hannun kowa bai tura ta ba. In ta yi, injin na Issufu ne. In ta kasa, a ranar za a kwance shi.

Ni kuwa an gaya mini an gayyace ni ne domin ina aikin rediyo, in zama shaida mai iya ba da labari. Na sa babbar riga.

Shingen jandarma

A bakin gari muka tarar da shinge, ganguna biyu da igiya. Issufu ya taka birki a makare, muka wuce gangar farko da kamar taku biyar, muka tsaya dab da igiya. Jandarma ya fito daga rumfa yana ɗaura bel, ya yi mana alama da hannu mu koma baya. Issufu bai motsa ba. Jandarman ya sake yin alamar. Sai Issufu ya yi masa bayani cikin ladabi cewa injin babur ba shi da bitas, wato giya, ta komawa baya, gaba kawai ya sani.

Jandarman ya karɓi takardu ya duba. Takardun babur ne. Ya kewaya motar yana ƙidaya ƙafafu da yatsa, ya samu huɗu. Ya kira abokin aikinsa suka yi shawara da Faransanci, ɗaya yana cewa mota ce mai takardun ƙarya, ɗaya yana cewa babur ne da ya yi ƙiba. Daga baya babban cikinsu ya warware matsalar: duk abin da ba ya iya komawa baya ba mota ba ne, don haka takardun sun yi daidai. Sai ya juyo kaina, ya tambaya ko babur ɗin yana da izinin ɗaukar fasinja.

"Wanga ba fasinja ba ne, shef," in ji Issufu. "Nauyi ne."

Jandarman ya dube ni, ya dubi babbar rigata, ya saki igiya.

Da muka yi nisa na nemi ƙarin bayani. Issufu ya ce, "Gaskiya ce, Yaya." In babu nauyi a hagu, da ya murɗa mai sai motar ta riƙa kewaya kanta a wuri ɗaya. Duk gwajin da ya yi a gida da buhun wake ya yi shi, amma mai waken ya karɓi abinsa. Hadiza ce ta ce masa ni da buhun kusan ɗaya muke, kuma ni ina iya hawa da kaina.

Jiratawa

Kafin mu isa Jiratawa injin ya fara tari. Muka tsaya gindin wata bishiyar bedi kusa da mai koko, na sha na dala biyar da ƙosai, Issufu kuwa ya kwance buji, ɗan abin nan da ke ba injin wuta, ya nuna mini bakinsa. Baƙi ƙirin. Ya ce wannan alamar mai ya yi wa injin yawa, iska ta yi kaɗan. In da fari ne fat, to mai ne ya yi kaɗan, kuma injin zai iya ƙonewa. Abin da ake nema shi ne launin soyayyar gyaɗa.

Ya buɗe karbireto, inda mai ke haɗuwa da iska, ya ciro wata 'yar ƙusar tagulla mai huji, ya hura ta da baki, ya musanya ta da wata mai ƙaramin huji da ya sayo a kasuwar Ɗan Issa. Ya tayar da injin, ya kashe, ya sake duba buji. Mai koko ta aiko da gyaɗa ɗaya aka kwatanta. Sai a karo na uku launin ya yi daidai, sannan ya cinye gyaɗar.

A nan ya koya mini aikina. Ya ce shi ma wani tsohon bakanike ne ya koya masa, wanda ya taɓa gyara motocin tseren hamada a arewa. Ƙa'idojin uku ne. Birki kafin kwana ake taka shi, ba a cikinta ba. Kwana daga waje ake shigarta, a sare ta ta ciki, a fita ta waje. Ta uku ita ce babba: mota tana bin idon direba, inda ka kalla can za ka, don haka kada ka kalli abin da kake tsoron bugewa. Ni nawa aikin shi ne in riƙe ƙarfen gabana, in kwana ta hagu ce in leƙa jikina waje har kafaɗata ta wuce ƙafar mota, in ta dama ce in jingina da shi. Na tambaya ko buhun wake yana yin haka. Ya ce a'a, shi ya sa ya fi sona.

Madarumfa

Da hantsi muka shiga gari, jama'a na biye da mu. Na tuɓe takalma tun daga ƙofar gida, na durƙusa na gaida surukina kaina a ƙasa, kamar yadda na saba tun da na auri 'yarsa. Shekara tara ban taɓa cin abinci a gabansa ba, ban taɓa haɗa ido da shi ba. Ya tambayi Hadiza da yara, ya ce madalla da aka samu mutumin kirki zai tsaya shaida. Ban gyara masa ba.

Aka kawo mana fura a zaure. Sanda ya shigo da sufana a aljihu, bai ɓoye ta ba. Ya gaishe ni, ya ce wa ƙaninsa ya riga ya gina wa injin mazauni a bakin rijiya, har da inuwa, ya fi wannan wahalar. Issufu ya ce ya ajiye sufanar kada ta huda masa aljihu a banza.

Filin bakin tabki

Idan ruwa ya ja baya da bazara, yakan bar fili mai tauri tsakanin tabki da lambuna. Samarin gari masu babur sun zana hanyar tsere a wurin da toka, doguwar da'ira mai kwana huɗu, uku ta hagu ɗaya ta dama. Ranar an bar mana filin mu kaɗai. Issufu ya rage iskar tayoyi don su kama ƙasa, ya ja sarƙa, ya taka filin da ƙafa yana ajiye ɓawon kwakwar goriba a duk inda zai fara taka birki.

Hular kwano ɗaya ce, ta direba. Ni aka ba ni tukunyar dalma an cusa tsumma a ciki, aka ɗaure mini da igiya a haɓa. Na naɗe babbar riga na soke ta a ƙugu. Sai na ga an shimfiɗa wa surukina tabarma a gindin gawo, daidai wajen kwana ta ƙarshe, a gefen hanya ta damanmu, dab da dangar lambun Sanda. Na tuɓe takalmana na ba wani ya riƙe, tunda dai gabansa zan wuce.

Zagaye na farko ya tafi yadda aka tsara. Issufu ya taka birki a kan ɓawon goriba, ya saki, ya sare kwana, ya murɗa mai yana fita. Na leƙa hagu, na jingina dama. Gudunmu bai wuce na jaki mai jin haushi ba, amma idan gindinka yana tazarar taƙi ɗaya da ƙasa, gudu ne. Da muka zo gawo na runtse ido.

A zagaye na biyu na yi kuskuren buɗe ido. Surukina ya gane ni a ƙarƙashin tukunya. Na ga ya ɗan miƙe zaune, ya ɗaga hannu a hankali, irin ɗagawar da yake yi idan ya amsa gaisuwa. Ban gaishe shi ba, amma ya amsa. Muka wuce, ni ina rataye a hagu, bayana na fuskantarsa.

Duk tsawon zagaye na uku abin yana cina. Da muka doso gawo, kwana ta hagu ce, wurin da ya kamata in leƙa waje. Sai jikina ya yi abin da ya saba shekara tara. Na saki ƙarfe, na juya dama, na rusuna har tukunya ta bugi kafaɗar Issufu, na ce, "Baba, barka da hutawa." Ƙafafun hagu suka tashi sama. Issufu kuma, jin na ambaci Baba, ya kalli Baba. Motar ta bi idonsa. Ya fizge sitiyari da kyar, muka wuce tabarmar da kamar kamu biyu, muka shiga laka inda ruwan lambu ke tsiyaya, muka tsaya hancinmu a jikin danga.

Injin bai mutu ba. Gaba danga, baya babu hanya. Samari suka rugo za su tura, Sanda ya tare su da hannu biyu, ya ce duk wanda ya taɓa ta, magana ta ƙare. Ya ciro sufana.

Issufu bai dube ni ba. Ya ce a hankali, "Yaya, sauka."

Na sauka. Ya karya sitiyari hagu gaba ɗaya, ya murɗa mai. Motar ta yi abin da take yi idan babu nauyi: ƙafar dama ta haƙa laka, baya ya zame, ta juya kanta a wuri ɗaya har hancinta ya koma fili. Laka da ruwa suka tashi sama suka sauka can tsakiyar albasar Sanda, shi ma ya samu rabonsa. Na koma kujerata, muka ƙarasa zagayen.

Sanda ya ce an yi maguɗi, shaida ya sa hannu. Aka juya ga mahaifinsu. Ya tambaya ko na tura, aka ce a'a, sauka na yi. Ya kaɗe laka daga gefen tabarma.

"Ba a kama mutum da laifi don ya sauka daga wanga abu," in ji shi. "Inji na Issufu ne."

Na yi tsammanin Sanda zai yi fushi. Amma yana tsaye yana auna da ido nisan da lakar ta yi daga ƙafar mota zuwa albasa. Ya mayar da sufana aljihu, ya tambayi ƙaninsa in aka ɗaga ƙafar nan a kan turmi aka sa mata bel, ko za ta juya famfo ba tare da an kwance komai ba. Issufu ya ce za ta juya, amma sai ya canja 'yar ƙusar tagulla. Kafin la'asar sun shirya: motar za ta zauna Madarumfa har ruwan sama ya sauka, Litinin da Alhamis tana ban-ruwa, Lahadi tana fili.

Komawa

Na je sallama da surukina ba tukunya. Ya ce in gaida Hadiza, sannan ya ƙara da cewa gaisuwa abu ne mai kyau, amma in ina bisa aiki ya yafe ta.

Da yamma na shiga motar haya a tasha, Issufu ya rako ni. Sanda ya ba shi aron buhun wake don Lahadi mai zuwa. Na ce to, ya huta da ni. Ya girgiza kai, ya ce buhu ba ya gaida kowa, wannan gaskiya ce, amma kuma buhu ba ya iya sauka.

Na iso gida bayan magariba, ba takalma, don wanda na ba riƙo ban sake ganinsa ba. Hadiza ta dube ni ta ce kamar na rame, in kula, kada in ɓata wa ƙaninta lissafi. Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da ni, sannan ga mai kokon Jiratawa, da jandarman da ya fara gaya mini matsayina ta hanyar sakin igiya.