Umma Ta Zaɓi Gatari

Shekara talatin da ɗaya ta yi tana aiki a ɗakin marasa lafiya na maza, hawa na biyu, a wani asibiti da ke bayan tashar mota. Ba nas ba ce. Ita ce mai juya waɗanda ba sa iya juya kansu, mai canja zanin gado da mutum kwance a kai, mai ɗauke fo ta wanko ta dawo da shi. Abokan aiki suna kiranta Kafaɗa, domin in aka kawo wani ƙato aka rasa yadda za a sauke shi daga gadon turawa, ita ake aikawa a kira. Takan zo ta dube shi, ta ce wa masinjoji su matsa, ta ware ƙafafu, ta sa hannu ɗaya a hammatarsa, ɗaya a ƙugu. Kafin mutum ya gama nishi ya ji shi a kan katifa.

In ta koma gida ma ba hutu. Ta yi jinyar surukarta shekara huɗu a ɗakin da ke jikin kicin. Daga baya ɓarin jikin mijinta ya shanye, ya yi shekara shida a kwance, ko gyambon kwanciya ɗaya bai taɓa fito masa ba. Ya rasu wata bakwai kafin ta yi ritaya.

'Ya'yanta uku. Babban, wanda ƙannensa ke ce wa Yaya, gyaran injina yake a wata masaƙa, tafiyar yini guda daga gida. Mai bi masa malamar lissafi ce, kowa Malama yake ce mata, aure ya kai ta wani garin. Auta kaɗai ke tare da uwar, tana aiki a kantin magani. In manyan suka kira waya, magana ba ta wuce gaisuwa da tambayar ko ƙafa ta yi sauƙi. Amma duk Asabar da ƙarfe huɗu na yamma, su ukun sukan haɗu a wani wasan kwamfuta da ake yi ta intanet, su yi awa biyu suna yaƙar dodanni. Daga kicin Umma ke jiyo su ta lasifikar ɗakin Auta. A nan ta ji babban ɗanta yana ƙyaƙyata dariyar da rabonta da ji tun yana sakandare.

Wata rana ta ce wa Auta, "Wai wannan wasan naku, akwai dokar da ta hana tsofaffi?"

Babu. Hasali ma ta zo a kan gaɓa. Mutum huɗu ke yin tawaga a wasan, kuma kowa da aikinsa. Yaya mai takobi da garkuwa ne, shekara uku yana gina jaruminsa. Malama maharbiya, Auta mai sihiri. Na huɗun shi ne mai warkarwa, wanda ke tsayawa a baya yana yi wa waɗanda suka ji rauni magani, yana tayar da wanda ya faɗi. Abokin Yaya da ke riƙe da wannan wuri ya yi aure ya daina zuwa. Kujera ɗaya ce ta rage, kuma sun riga sun san wa ta dace da ita.

Har kyauta suka shirya mata. Asabar ɗin, Auta ta zaunar da ita a gaban kwamfuta, ta sa mata abin ji a kunne, ta buɗe. Sai ga wata siririyar yarinya a allo, cikin farar riga har ƙasa, riƙe da sanda mai haske.

Muryar Malama ta fito. "Umma, ke ce wannan! Mu muka ƙera miki. Aikinki kawai ki kula da mu."

Yaya ya ce, "Abin da kika fi kowa iyawa a duniya. Ba sai an koya miki ba."

Umma ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon yarinyar. Sannan ta ce, "Auta, ina ake goge ta?"

"Goge wa?"

"Wannan baiwar Allah. Ki dubi ƙugunta. Wannan in ta ɗaga bokitin ruwa sai an kira ni na ɗauke ta."

Suka yi dariya, suna zaton wasa take. Auta ta nuna mata inda ake ƙera sabon jarumi, da yadda ake jan linzamin kwamfuta a ƙara tsawo ko a rage. Abin da mutane ke gamawa cikin minti biyar, Umma ta shafe minti arba'in tana yi. Ba ta fara da fuska ba, da ƙafafu ta fara. Ta ce duk wanda ya san ɗaukar nauyi ya san daga cinya yake tasowa, ba daga hannu ba. Ta kaurara cinyoyin, ta buɗa ƙugun, ta rage tsawon don kada iska ta kada ta. Ta ja faɗin kafaɗa har linzamin ya ƙi gaba, ta tambaya ko iyakarsa ke nan. Da ta zo kan fuska ta nemi furfura, ta samu. Ta nemi tamoji a goshi, ta ƙara guda uku.

Auta ta ce, "Umma, mutane fa kyau suke zaɓa."

"Su zaɓa. Ni shekaruna na sha wuya kafin na tara su, ba mai rage min."

Saura zaɓen aiki. Hotuna shida suka jeru a allo. Ta wuce mai sanda ko kallo ba ta yi ba, ta tsaya a kan wani gatari mai baki biyu, tsawonsa ya kusa kai mai shi.

Yaya ya yi gyaran murya. Ya yi mata bayani a hankali, irin yadda yake yi wa sabon ma'aikaci. Mai gatari a gaba yake tsayawa, kuma gaba akwai shi. In aka zaɓi aiki ba a canjawa, sai dai a goge a faro daga tushe. Kogon da suka yi wata biyu suna shirin shiga, ba a taɓa jin wanda ya fito daga cikinsa ba tare da mai warkarwa ba.

"To wani a cikinku ya yi warkarwar mana."

"Umma, shekara uku na yi a kan wannan jarumin."

"Uku? Sannu da ƙoƙari."

Malama ta sa baki, da muryar da take lallashin ɗalibai. "Umma, ba wahala fa. Maɓalli biyu ne kawai. Kina ganin jinin mutum ya yi ƙasa sai ki danna."

"Wato in tsaya a bayanku, idona a kan jikinku, ina jiran wa zai faɗi." Ta cire tabarau ta ajiye a kan tebur. "Ku saurare ni da kyau. Na yi wa kakarku, na yi wa ubanku, na yi wa mazan da ban san sunansu ba, sun fi dubu. Ban yi nadama ba, kuma ba wanda na yi wa gori. Amma ko mutuwa ɗaya ban taɓa samun damar kai wa duka ba, kullum sai dai in gyara zani bayan ta wuce. Yanzu an ce ga wurin da abin da ke cin mutane yake da fuska, ana iya saransa, ku kuma ku miƙo min sanda? Na gama jinya. Ko ta ƙarya ba zan ƙara ba."

Sai Yaya ya ce, a ladabce amma ba sassauci, in haka ne dole su nemo baƙo mai warkarwa, kuma tawaga ba ta ɗaukar biyar.

Umma ta gane abin da ake nufi. Za ta koma kicin ta ci gaba da jiyo dariya ta bango. Ta dubi maɓallin da ke ƙasan allo, ta tambayi Auta ko shi ne na amincewa. Auta ta gyaɗa kai, idonta ya ciko. Umma ta danna.

Ita kaɗai ta shiga. Wasan ya ajiye ta a bakin wani daji, ba ta ma san yadda ake juyawa ba. Ta yi karo da bishiya sau biyu. Wani ɗan kerkeci, mafi rauni a duk wasan, ya kashe ta sau biyar a jere. A na shida ta gano maɓallin sara. Ihun da ta yi sai da maƙwabciya ta ƙwanƙwasa ƙofa tana tambayar ko lafiya.

Duk wannan a kunnen Yaya da Malama, domin Auta ba ta kashe makirufo ba, kuma ta ce da gangan ta bari. Ana saura minti ashirin lokaci ya cika, wani ɗan rubutu ya faɗo a allon Umma, gayyata ce ta shiga tawaga.

Yaya ya ce, "Ba mai warkarwa fa. Wanda ya faɗi ya faɗi."

"Haka ake yi a ko'ina. Matsa min in wuce gaba."

Sati shida suka yi suna raka ta ƙananan yaƙe-yaƙe kafin ta yi ƙarfin da za a bar ta ta shiga kogon. Ranar da suka shiga, ba su yi minti huɗu ba kibiyoyin Malama suka ƙare, dodo ya make ta.

"Umma! Na faɗi!"

"Na gani. Ki kwanta a gefe kada in taka ki."

Duk aka kashe su. An sake kashe su Asabar ta gaba, da wadda ta biyo ta. Zuwa yanzu sau goma sha ɗaya ke nan, kuma har yau tawagar ba ta da mai warkarwa. Malama ta fara cewa wataƙila ita za ta ajiye baka ta koyi aikin, Yaya ya ce a bari a gani tukuna. Umma ba ta sa musu baki. Ƙarfe huɗu saura kwata takan riga kowa zama, ta goge tabarau, ta tambayi Auta ko sauran malalatan sun iso.