Philomène da Kwalayen Sabulu

Philomène Yangbonda ta kai shekara hamsin da biyu tana banda kifi a garin Mobaye kafin ta taɓa riƙe alli. Mu ashirin ne a ajin manyan mata na cocinmu. Malaminmu Anicet saurayi ne mai ladabi, da Faransanci ya yi boko. Wata uku muna rera haruffa ɗai-ɗai, amma ko kalma guda ta yarenmu Sango ba mu iya karantawa.

Ran nan ya rubuta gbanda, wato komar kifi, ya ce mu kira harafin farko, sannan na biyu. Muka yi ta "ge, be" kamar awaki.

Philomène ta ajiye allonta. "Ɗana, dubi bakina. Gba. Sau nawa ya buɗe?"

"Sau ɗaya, Mama."

"To wa ya aike ka raba abin da Allah ya haɗa? Shekara talatin maigidana na jefa gbanda, bai taɓa jefa gebanda ba."

Aji ya kece da dariya, har shi malamin.

Washegari ta zo da kwalayen sabulu da ta yayyanka. Ta sa Anicet ya rubuta gb a ɗaya, kp a wani, sai mb, nz da ngb. A bayan kowanne ta zana abin da muka sani da gawayi: turmi, wato kpu, da farin wata, wato nze.

Ƙawarta Odile ta taɓe baki. "Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa, yau kin zama malama?"

"Ke dai karanta, uwar surutu."

Odile ta dubi kwalin, ta dubi allo. "Kpu," in ji ta. Sai ta dafe ƙirji. "Wayyo, ni ce na karanta?"

Cikin mako shida, sha bakwai daga cikinmu muna karatu. Wata Lahadi Philomène ta fito gaban jama'a a coci, hannunta na ƙanshin hayaƙi, ta karanta shafi guda ba tuntuɓe. Mata suka rangaɗa guɗa, mai ganga ya kasa jiran lokacin waƙa.

Daga nan ƙauyukan bakin kogin Ubangi suka fara aiko mata da kwale-kwale don ta je ta koyar da su. Shekara goma sha ɗaya ta yi tana zagayawa, ta buɗe aji tara. Da gwiwoyinta suka gaza, ɗalibanta uku suka karɓi aikin, ita kuma ta koma rumfar kifinta tana karanta wa maƙwabta wasiƙun 'ya'yansu da ke birnin Bangui.