Wuyan Sale Bajimi

Har gobe ban manta da ranar da wani tsohon makaɗi ya zo ofishinmu ya zauna a kan benci, ya ce ba zai tashi ba sai ya ga mai maganar majigi. Ni ne mai maganar majigin. Tun da na ji an ce ku ne yanzu kuke sharhin kokawar Turawa a talabijin duk mako, har kuna ɗaga kafaɗa, to ku gyara zama. Aikin nan mun taɓa shi tun ba a haife ku ba.

A shekarun hamsin da wani abu, kafin 'yancin kai, babu talabijin a Kaduna. Majigi ke akwai. Mota ce ke ɗauke da injin fim da injin wuta da farin ƙyalle, a je fili a kafa sanduna a ɗaura ƙyallen, mutane su zauna a ƙasa su kalla kyauta. Ni ƙaramin akawu ne a sashen majigi, aikina riƙe lasifika. Ana rage muryar Turancin, ni kuma in faɗa wa jama'a da Hausa abin da suke gani. A sama da ni akwai babban akawu, Malam Idi. A sama da shi akwai Baturen sashe, wanda muke kira Mai Lofe saboda lofen taba ba ya barin bakinsa. Mai juya injin kuwa Ɗanjuma ne, mutum marar yawan magana.

Ga yadda makonmu yake tafiya. Ran Litinin gwangwanayen fim su iso ta jirgin ƙasa daga Ikko. Talata mu kalla a ofis, in tsara abin da zan faɗa. Alhamis bayan isha'i mu haska a filin da ke gefen tashar Kawo. Juma'a da safe in rubuta rahoton yadda jama'a suka karɓi kowane fim. A filin kuma akwai tsari: labaran duniya da farko, sai fim ɗin wayar da kai, wato rigakafin agana ko haƙa masai ko tsintar auduga, sannan kokawar Turawa a ƙarshe. Dalilin sa ta a ƙarshe a fili yake. Saboda ita mutane suke haƙuri su zauna har a gama na agana.

Ranar da na fara ganin kokawar a ofis, sai da na dafe ƙirji. Wani ƙato ya ɗaga ɗan'uwansa ya maka shi da ƙasa, wannan ya tashi ya kakkaɓe jiki kamar ba shi ba. Mai Lofe ya yi dariya ya ce mini da Hausarsa ta hanci, "Malam Garba, wasa ne. Tun kafin su hau an shirya wanda zai ci." Ya zare lofen ya ƙara da cewa, "Amma kada ka faɗa a fili. In suka sani ba za su zo ba, kuma fim ɗin agana zai rasa masu kallo." Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Na kama aikin da hannu biyu, don gaskiya yana mini daɗi. Na raɗa wa ƙattin sunaye. Akwai Jan Wando, akwai Gemu, akwai wani mai rufe fuska da na sa wa Mai Takunkumi. Ina yi musu kirari kamar 'yan garinmu ne. Ban taɓa cewa gaskiya ce ba, ban kuma ce ƙarya ce ba. Ku kun san kokawarmu, kaye ɗaya ne, da bayan mutum ya taɓa ƙasa an gama. Saboda haka a daren farko, ana kayar da Jan Wando sai mutane suka miƙe suna naɗe tabarmi. Sai da na yi ta roƙo a lasifika cewa a zauna, tasu ba a nan take ƙarewa ba. Da suka ga mutumin ya tashi, aka sake kayar da shi ya sake tashi, filin ya ɗauki salati. Kafin wata ya zagayo har daga Rigachikun ake zuwa a kan kekuna.

To, a tashar Kawo akwai wani ɗan dako, Sale, ana ce masa Bajimi. Shi ne gwanin kokawar yankin, rani bayan rani ba wanda ya kai bayansa ƙasa. Duk Lahadi da la'asar suke yin tasu kokawar a bayan tasha. Tun da majigi ya kawo Gemu, filin Lahadi ya fara bushewa. Mutane suka ce 'yan kokawarmu ba su iya komai ba sai riƙe-riƙe da nishi. Yaran mota kuwa, kun san bakinsu, in Sale ya wuce da buhu a ka sai su ce, "Bajimi, kai fa in aka yi maka irin na Gemu sai likkafani." Duk wannan ban sani ba, sai ranar da makaɗin ya zo.

Sunansa Baba Nomau, shi ke yi wa Sale kiɗa tun yana saurayi. Ranar Talata ce. Muka gaisa, ya ce, "Malam, makon jiya ka nuna mana Gemu ya juya Jan Wando kai ƙasa ƙafa sama, ya soka shi da ƙasa, mutumin ya tashi. Sale ya faɗa a gaban duk tasha cewa ran Lahadin nan zai sa abokinsa Mati ya yi masa haka a tsakar fili, shi ma ya tashi. Yana da mata da 'ya'ya ƙanana. Tsakaninka da Allah, mutanen nan da gaske suke yi?"

An ce kada in faɗa a fili, ba a ce in yi wa dattijo ƙarya a kan benci ba. Na ce, "Baba, shiri ne." Ya gyaɗa kai ya ce dama ya yi zargi, kuma ya faɗa wa Sale, amma Sale ya ce tsoro ne irin na tsufa. Baba Nomau ya ƙara da cewa, "Daga bakinka ya ji, sai ka zo da bakin naka."

Da aka tashi daga aiki na hau kekena na tafi Kawo. Na same shi zaune a kan buhunan gyaɗa a bayan wata babbar mota. Na yi masa bayani dalla-dalla, har na rantse. Ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Malam, ran Alhamis a gaban gari kaf ka ce Jan Wando ya faɗi da ka ya tashi. Yau ka biyo ni bayan mota kana raɗa mini wata magana. Ko ni na yarda da kai, yaran tasha ba su ji ba. In na fasa, za su ce Bajimi ya ji tsoro. Abin da aka faɗa a lasifika, a lasifika ake janye shi." Ya ɗauki gammonsa ya koma aiki. Na tsaya ina kallon wuyansa, wuya kamar turmi, amma na san in ya sauka da ka a ƙasar filin nan, ko dai a binne shi ko ya ƙare rayuwarsa a kwance. Tsoro ya kama ni sosai.

Ran Laraba na bi hanyar da aka tsara. Na fara zuwa wurin Malam Idi. Ya ji duka, ya ce, "Garba, ba ni na hana ba, ba ni zan ba da izini ba. Ga ƙofarsa can." Na shiga wurin Mai Lofe na yi bayani. Bai yi dariya ba. Ya ce zai aika a gaya wa 'yan doka su hana taron Lahadi. Na ce, "Ranka ya daɗe, in aka hana su a bayan tasha za su koma bayan gari, inda ko mota ba ta shiga." Ya zuƙi lofe, sannan ya ce, "Mutum ɗaya kake magana. Ni ina tunanin yaran da agana za ta kashe in iyayensu suka daina zuwa. Umarni yana nan yadda yake." Kada ku ɗauka mugu ne. Ba mugu ba ne, lissafinsa ne daban da nawa.

Ran Alhamis muna loda kaya na ce wa Ɗanjuma ya haɗa da gwangwanin kokawar makon jiya, wanda ba a riga an mayar Ikko ba. Ya kalle ni ya ce, "Ni dai inji nake juyawa. In aka tambaya, kai ne babba." Injin namu yana da gudu iri biyu, mai sauri da na a hankali. Na biyun muke bukata.

Na bari sai da aka gama fim ɗin agana tsaf, don kada in yi ɓarna biyu. Sannan na ɗauki lasifika na ce, "Jama'a, yau za mu sake kallon ta makon jiya, amma a hankali. Ku bar kallon fuskokinsu, ku kalli hannu da ƙafa." Ɗanjuma ya rage gudu. Na nuna musu yadda Jan Wando da kansa yake tuma sama don ya sauƙaƙa wa Gemu ɗauka. Na nuna yadda yake rungume cinyoyin Gemu ya ɓoye kansa a tsakaninsu. Da suka sauka na ce, "Ku duba da kyau, me ya fara taɓa ƙasa?" Mazaunan Gemu ne. Kan Jan Wando ko kusa bai kai ba, dandamalin kuma yana lotsawa yana dawowa kamar gado. Muka mayar da fim baya muka sake. Na ce, "Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, shekaru suka yi suna koyon yadda ba za su ji wa juna ciwo ba. Wanda zai ci an san shi tun kafin a fara. Duk wanda aka yi wa haka da gaske a kan ƙasa, ba zai tashi ba."

Can sai wata tsohuwa daga ɓangaren mata ta ce, "Ashe 'yan kama ne." Dariya ta ɓarke. Wani ya ɗaga murya ya ce, "Kai ma ɗan kamar ne, Malam!" Aka yi ta jifan motar da ɓawon rake. Na hango Sale a can baya, a tsaye, ya harɗe hannuwa. Bai yi dariya ba. Ya juya ya tafi tun ba a sa sabuwar kokawar ba.

Ran Juma'a na rubuta a rahotona abin da na yi, ban rage ba, na kuma rubuta cewa Ɗanjuma umarnina ya bi. Kafin azahar takardar tuhuma ta iso. Aka ɗauke ni daga lasifika aka mayar da ni sito, na ƙarasa wannan ranin ina goge gwangwanaye. Kuma dole in faɗa, Mai Lofe bai yi kuskure ba. Taron Alhamis ya ragu ƙwarai, masu kekunan Rigachikun suka ɗauke ƙafa, ba su dawo ba sai bayan an daɗe. Wannan ya dame ni, har yau in na tuna yana damuna.

Ran Lahadin da Sale ya ambata na je bayan tasha. Mutane sun fito fiye da yadda aka saba a 'yan makonnin nan. Baba Nomau yana kiɗa, Sale ya shiga da warkinsa, ya kama da wani saurayi daga wajen Zariya, suka yi ta riƙe-riƙen nan da nishi, a ƙarshe ya kai shi ƙasa. Ba wanda ya tayar da zancen Gemu. Mati yana gefe yana tafi.

Da aka watse ya biyo ta gabana yana share gumi. Na ce, "Sannu da aiki, Bajimi." Na ɗauka zai gode mini. Ya tsaya ya ce, "Malam, tun da kuka fara kawo abin nan ban yi barci mai daɗi ba. In na kwanta sai in yi ta tunani, ashe duk shekarun nan ni ba komai ba ne. Kai kuwa ka sani tun ranar farko." Ya wuce. Na tura kekena na tafi gida raina a jagule. Ba mu taɓa zama abokai ba.

Abin da na koya a aikin nan ke nan. Mu masu lasifika muna zaton hoto mutane suke kallo, alhali abin da muka ce su gani shi suke gani. In ka yi kirari ka yi shiru a kan sauran, shirun ma magana ce, kuma akwai wanda zai ɗauke ta ya tafi da ita gida. Ku yi sharhinku da daɗi, ku raɗa musu sunaye, ba wanda ya hana. Amma lokaci zuwa lokaci ku faɗa a fili cewa shiri ne, don ba ku san wane Sale ne yake zaune a gaban akwatin ba.

Bayan na yi ritaya na taɓa hango shi a bakin tashar Kawo ranar wata Juma'a. Ya yi furfura, ƙafa ɗaya tana ɗan ja. Ya ɗora jikansa a wuya, yaron ya riƙe masa kunnuwa, suna ratsa motoci za su masallaci. Bai gan ni ba, ni ma ban kira shi ba. Na dai tsaya ina kallon wuyan har suka shige cikin mutane.