Yadda Na Cuci Matan Kasuwar Gouro da Sunan Horo

Ba zan faɗi sunana ba. Mutanen Adjamé da suka ga abin da ya faru sun san ni, wanda bai sani ba kuma sunan ba zai ƙara masa komai ba. Ni ɗan Abidjan ne, a nan aka haife ni, a wani gidan haya kusa da Roxy. Mahaifina ya zo daga ƙasar Katsina tun yana saurayi, ya kafa rumfar shadda da atamfa a Black Market. Ba mai arziki ba ne, amma in Bahaushe zai tafi gida ganin iyaye, wurinsa yake barin makullin shagonsa. Ni ne ɗansa da ya yi nisa a lakwal, wato makarantar boko. Faransancina ya fi Hausata, ina jin Julanci, kuma ban taɓa kwana da yunwa a gidanmu ba. Na faɗi wannan ne don kada wani ya ce talauci ya ja ni.

Shekarar da aka karya darajar kuɗinmu na sefa kasuwa ta rikice. Mutum ya sayar da kaya yau, gobe ya koma sari ya tarar kuɗin ba su kai ba. A lokacin ne wata ƙungiya ta buɗe ofis a Treichville, tana koya wa ƙananan 'yan kasuwa yadda za su riƙe sana'a, kyauta, wanda ya gama kuma a ba shi ɗan rance. Shugabar wurin wata mata ce da muke kira Madam Akisi. Suna neman tafinta saboda matanmu da ba su jin Faransanci, na je, aka ɗauke ni.

Na so aikin nan. Madam ta yi bayani, ni in juya. A raba uwar kuɗi da riba. Kada a ci daga jari. In za a sa farashi a haɗa da kuɗin mota da ladan ɗan dako. Cikin ajin farko akwai Inna Rabi, ƙawar mahaifiyata, mai sarin albasa a kasuwar Gouro, wadda ta sha goya ni ina jariri. Ranar da ta gane darasin jari sai ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe duk shekarun nan jarina nake dafa wa yara." Aji ya fashe da dariya. Kafin shekara ta zagayo ta tashi daga sarin buhu-buhu, ta koma haɗa mota da wasu mata. Duk inda ta gan ni sai ta ce, "Ɗana, Allah ya yi maka albarka."

Kujerun aji kaɗan ne, masu so kuma da yawa, ni ke rubuta sunaye. Wata rana wani mai shagon rediyo ya tare ni a bakin ƙofa, ya cusa mini kuɗi a aljihun riga ya ce, "Sha ruwa, ƙanena. Ka duba mini." Ban roƙe shi ba, amma ban mayar masa ba. Na cire wata tsohuwa mai sayar da barkono na sa shi. Tsohuwar ta zo, na ce mata sai zagaye na gaba, ta yi mini godiya ta tafi. Na yi kwanaki ina jiran wani ya tambaye ni, ba wanda ya tambaya.

Daga nan abin ya zama ɗabi'a. Da farko jira nake a ba ni, daga baya na koyi yin shiru ina juya biro har mutum ya gane. Na ce wa kaina ai goro ne, kowa a garin nan yana karɓa. Na canza takalmi, na canza abokai, na fara zama a wuraren da ba zan so Baba ya gan ni ba. Sau ɗaya Madam ta ce, "Me ya sa yanzu masu manyan shaguna suka fi yawa a aji? Ina matan nan masu faranti?" Na ce ba su da lokaci. Ta gyaɗa kai, don ta yarda da ni.

Da rikici ya ɓarke ƙasa ta rabu biyu, masu ba ƙungiyar kuɗi suka janye, aka rufe ofis, Madam ta bar gari. Albashi ya tsaya, goro ya tsaya, amma bakin da ya saba da daɗi bai tsaya ba. Ga shi duk lokacin da na ratsa kasuwa sai an tare ni: "Yaushe za a sake buɗewa?" Ina cewa sai abin da Allah ya yi. Wata rana, ban ma shirya ba, na ji bakina ya ce, "An kusa."

Na kama ɗaki a Treichville, layi biyu da tsohon ofishin. Na sa benci da allo da fanka. Na ce ƙungiya ta dawo, Madam tana ƙasar waje tana haɗa kuɗi, ni ta bar wa riƙo. Na ce rancen bana babba ne, amma sai kowa ya ajiye wani abu a hannunmu a matsayin jingina. Darasin da nake koyarwa na gaskiya ne, na haddace shi tsaf, mata suna gwadawa suna ganin amfani. Shi ya sa ba wadda ta yi shakka. Inna Rabi ce ta bi rumfa-rumfa tana tara mini su. Suka kwashe adashinsu suka kawo, wasu har da 'yan kunne suka sayar. Na ba mutum biyu-uku rance daga kuɗin sauran, labari ya bazu, aka ƙara cika.

Wata rana muna cin abinci Baba ya ce, "Wannan aikin naka, hukuma ta san da shi?"

Na ce, "Baba, har da hatimi."

Ya ce, "To. Mutane suna zuwa rumfa suna tambayata. Ina ce musu ɗana ne."

Na sunkuyar da kai na cinye abincina tas.

In kun tambaye ni ina kuɗin suka tafi, ba ni da abin nunawa. Ban gina gida ba, ban sayi mota ba. Haya, sutura, abokai, da toshe bakin wadda ta fi matsawa. Kullum ina gaya wa kaina zan juya wani abu in mayar. Ni da nake tsayawa gaban allo ina cewa kada a ci jari, ban taɓa juya ko sisi ba.

Watanni suka ja. Na ce banki ne, na ce yaƙi ne, na ce Madam ba ta da lafiya. Kowace ƙarya sai na tuna wa na gaya wa ita. Na daina shiga gbaka, motar hayar nan, a Roxy, sai in yi tafiya a ƙasa in hau can gaba inda ba a san ni ba. Na rame, barci ya ƙi. Inna Rabi kuwa ta riga ta aika wa mai albasa a Nijar ya loda mata mota guda ita kaɗai, bisa alkawarin da na yi mata cewa kuɗi suna hanya. Ta same ni ta ce, "Ɗana, mota ta taso. Ka tabbata?" Na kalli idonta na ce, "Inna, kwantar da hankalinki."

Ba wani bincike ne ya tona ni ba. Madam Akisi ce ta dawo gari, ta shiga kasuwar Gouro sayen ayaba. Inna Rabi ta hango ta, ta ruga ta rungume ta, tana yi mata sannu da jiki da Julanci, tana tambayar yaushe rance zai fito. Madam ta ce, "Wane rance?"

Da hantsi ne, ina gaban allo da alli a hannu, sai na ga ajin ya juya yana kallon ƙofa. Madam ce tsaye, Inna Rabi a bayanta, bayan su kuma mata har bakin titi. Madam ta dubi abin da na rubuta, darasinta ne kalma da kalma. Ta ce, "Ci gaba mana. Ƙarasa." Allin ya faɗi daga hannuna. Wata mata ta cire takalmi, wasu suka taso, sai Inna Rabi ta shiga tsakani ta ware hannuwa ta ce, "Kada wadda ta taɓa shi. A bayana ya yi barci. Ku kira 'yan sanda." Ita ce ta tsare ni daga duka har suka iso, kuma ita ce ta fara ba da shaida a kotu.

Ba zan cika ku da labarin gidan yari ba. Ɗaki ne da ake kwana a gefe ɗaya saboda cunkoso, in za a juya sai a juya tare. Ƙaiƙayi, zawo, abincin da ba ya kaiwa ciki. Baba ya zo sau ɗaya. Ya tsufa a 'yan watannin nan har na kusa kasa gane shi. Ya ce, "Na sayar da rumfa, na raba musu. Bai kai ba." Na ce ya yafe mini. Ya ce, "Na yafe. Ni ne na ce musu ɗana ne, shi ke hana ni barci." Bai sake zuwa ba. Ya rasu ina ciki, sai bayan an binne shi mahaifiyata ta zo ta gaya mini.

A can kowa cewa yake sharri aka yi masa. Ni ma na daɗe ina cewa yaƙi ne ya ɓata mini lissafi. Ba wa'azi ne ya juya ni ba, gajiya ce. Wani sabon fursuna ya tambaye ni me ya kawo ni, na buɗe baki zan fara tsohon labarin, sai na ji ba ni da ƙarfinsa. Na ce, "Kuɗin mata na ci." Ranar na yi sallar da na daɗe ban yi irinta ba, na roƙi Allah gafara ba tare da na kawo masa hujja ba.

Da aka sake ni na tafi kasuwar Gouro. Na nemi Inna Rabi a rumfarta na tarar da wata. A can bakin kwata na same ta, ta shimfiɗa buhu a ƙasa tana kasa albasa ƙananan kashi, tana saro wa daga matan da a da suke sari a wurinta. Motar nan ta iso ba kuɗi, mai kaya ya ba wani, kuma tun daga ranar ba wanda ya sake ba ta kaya a kan amana. Na durƙusa. Ta dube ni ta ce, "Ka fito? Yaya mahaifiyarka?" Na roƙe ta gafara. Ta ce, "Nawa haƙƙin na bar maka, don ba na so mu tsaya da kai gobe ƙiyama. Na sauran mata kuwa ba ni da iko da shi, sai ka bi su." Na bi waɗanda na samu. Wasu sun yafe, wasu sun rufe mini ƙofa, wasu sun koma Nijar, wasu sun mutu.

Yanzu dako nake yi a Roxy, ina tura amalanke. Na ɗauka hukuncina ya ƙare, sai kwanan baya wasu masu horo na gaskiya suka zo Adjamé, kyauta, ba jingina. Na je da ƙafata na duba, na tambaya, na tabbatar. Matan wasu ƙabilu sun cika benci, matanmu ko ɗaya. Zainabu, 'yar Inna Rabi da ke taya ta kasa albasa, tana son zuwa, uwar ta hana. Na je na ce, "Inna, wallahi waɗannan na gaskiya ne." Ta ci gaba da ɓare albasarta, ba ta ko ɗago ba. Ta ce, "Haka ka ce wancan karon." Zainabu ba ta je ba.

Ku matasa da kuka yi karatu, za a wayi gari ku ne a tsaye tsakanin iyayenku da wani ofis, ku ke jin yaren da ba su ji. Za a cusa muku wani abu a aljihu a ce ku sha ruwa. Ku ciro shi nan take ku mayar, tun mai shi yana tsaye, ko da zai ji haushi. Wannan ne kawai lokacin da abin yake da sauƙi, duk abin da ya biyo baya na gwada shi, ba sauƙi a ciki. Ku kuma masu ƙananan sana'a, kada ku guji koyo saboda irina. Ku je, ku ga shugaban wurin da idonku, ku tambayi wani ban da tafinta, kada ku damƙa wa mutum guminku don kun san ubansa.

Na yi zaman da alƙali ya yanka mini, na gama. Amma kullum da safe sai na tura amalanke ta gaban Inna Rabi da Zainabu, suna zaune a bakin kwata, in gaishe su, su amsa. Allah ya yafe mini, ya kuma tsare ku.